Japan: Abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji a rayuwar yau da kullum

Da wuya a samu gari a Nijar da ba a san kayan Japan ba. Motocin Toyota ne ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku, baburan Honda da Yamaha da Suzuki sun daɗe a titunan Maraɗi da Damagaram, farin magin da mata ke zubawa a miya kuwa kamfanin Ajinomoto ne ya fara sayar da irinsa tun 1909. Wani kamfanin Japan ma ya riƙe kaso 25 cikin 100 na mahaƙar uraniyum ta Cominak da ke Akuta, wadda aka rufe a watan Maris na 2021. Sai dai mutanen da ke ƙera waɗannan kayayyaki, kaɗan daga cikinmu suka san yadda suke kwana da yadda suke tashi.

Japan tsibirai ce a gabashin Asiya, manya huɗu da dubban ƙanana. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 378,000, wato Nijar ta ninka ta fiye da sau uku, amma mutanenta sun kusa miliyan 124. Kusan kashi biyu bisa uku na ƙasar duwatsu ne da gandun daji, shi ya sa jama'a suka cunkushe a filayen bakin teku. Birnin Tokiyo da kewayensa kaɗai na ɗauke da mutane kusan miliyan 37, sun fi al'ummar Nijar baki ɗaya. Ga kuma girgizar ƙasa da guguwar teku da ba sa ɗaga ƙafa. Cunkoso da fargabar bala'i na cikin manyan dalilan da suka sa Japanawa suka tsara zamansu yadda yake, kuma ana ganin alamar hakan tun daga asuba har dare.

Safiya

Agogon Japan na gaban na Nijar da awa takwas. Lokacin da mutanen Yamai ke shirin kwanciya da ƙarfe 10:30 na dare, a can ƙarfe 6:30 na safe ne, lokacin da gidan rediyon gwamnati na NHK ke saka shirin motsa jiki da ake kira rajio taiso. Tun 1928 aka fara shi. Ana kaɗa fiyano, wata murya na ƙirga motsi, tsofaffi a lambunan unguwa da ma'aikata a harabar masana'antu suna ɗaga hannu suna sunkuyawa tare. Mintoci goma ne kawai, amma kusan kowane Bajapane ya haddace motsin tun yana yaro.

Bayan nan sai tituna su cika da ƴan firamare. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne yaro ɗan shekara shida ko bakwai na tafiya makaranta ba tare da uba ko uwa ba, wani ma har jirgin ƙasa yake hawa shi kaɗai. Yawancinsu na goye da wata jaka mai tauri da ake kira randoseru, wadda ake saya wa yaro sau ɗaya ta kai shi shekaru shida na firamare. Ƴan aji ɗaya kan sa hula ruwan ɗorawa domin direbobi su hango su daga nesa. A mahaɗar hanyoyi akwai iyaye da dattawan unguwa da ke karɓa-karɓa, riƙe da tuta, suna tsallakar da yara.

Fita daga gida ma tana da kalmominta. Mai fita zai ce "ittekimasu", ma'ana zan je in dawo, na gida ya amsa da "itterasshai", kamar dai yadda muke cewa a dawo lafiya. In ya dawo ya ce "tadaima", a amsa masa da "okaeri", wato sannu da dawowa. Musabaha ba ta cikin al'adarsu, rusunawa suke yi. Ɗan sunkuyar da kai ya isa tsakanin abokan aiki, ana ƙara sunkuyawa ga baƙo ko abokin ciniki, mafi zurfi kuma na neman gafara ne ko babbar godiya. Kamfanoni na koya wa sababbin ma'aikata wannan a matsayin darasi, har da ma'aunin digiri 15 da 30 da 45.

Shiru a cikin cunkoso

Tashar jirgin ƙasa ita ce zuciyar birni a Japan. Tashar Shinjuku da ke Tokiyo ita ce ta fi kowace tasha a duniya hada-hada, inda mutane kusan miliyan 3 ke bi ta cikinta a kowace rana. Duk da haka ba a ture-ture wajen shiga. An zana layuka a ƙasa daidai inda ƙofar kowane tarago za ta tsaya, mutane su jeru a nan, su bar masu fita su gama fita tukuna.

A cikin taragon, ko da ya cika har ba wurin ɗaga hannu, shiru ake yi. Sanarwa na roƙon fasinjoji su kashe ƙarar salula kuma kada su amsa kira. Wasu na karatu, wasu na barci a zaune. Tushen wannan shi ne wata kalma da ake cusa wa yara tun suna ƙanana, meiwaku, wato takura wa wani ko ɗora masa nauyi. Babban abin kunya ne a ce mutum ya zame wa jama'a meiwaku.

Abin da ake ji a tasha shi ne ɗan gajeren kiɗa na daƙiƙoƙi kaɗan kafin a rufe ƙofofi. Tashoshi da yawa na da nasu na daban, har mazauna birni kan gane inda suke ko idonsu na rufe. Haka kuma za a ga direba ko ma'aikacin tasha sanye da farar safar hannu yana nuna agogo ko fitila da yatsa, yana faɗin abin da ya gani da ƙarfi, alhali ba kowa kusa da shi. Ana kiran wannan shisa kanko. Hikimarsa ita ce idan ido da hannu da baki suka haɗu a kan abu guda, kuskure na raguwa.

Jirgin nan mai gudun tsiya, Shinkansen, ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 1964 tsakanin Tokiyo da Osaka, tazarar kilomita 515, kusan nisan Yamai zuwa Tawa. A yau cikin awa biyu da rabi yake cinye ta, kuma tun da aka fara ba a taɓa rasa fasinja ba sakamakon karo ko kaucewa daga layi. A tashar Tokiyo masu shara na da mintoci bakwai su gyara jirgin kafin ya juya. In jirgin birni ya makara da mintoci kaɗan, tasha kan ba fasinja takardar shaida ya kai wa maigidansa ko malaminsa. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin jirgin Tsukuba Express ya nemi gafarar jama'a saboda wani jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokaci.

Makafi ma an yi tanadi dominsu. Fitilun tsallaka titi da yawa na yin kukan tsuntsu idan lokacin tsallakawa ya yi, kuka iri biyu, domin makaho ya gane wace kusurwa aka buɗe. Sannan akwai wani layin tubali ruwan ɗorawa mai ƙuraje-ƙuraje da ke bin gefen titi da tashoshi, wanda ƙafa ko sanda ke ji. Wani Bajapane mai suna Seiichi Miyake ne ya ƙirƙiro shi, aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967, daga nan ya bazu zuwa ƙasashen duniya.

Tsintsiya a hannun ɗalibi

Masu kallon ƙwallo ba za su manta da gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha da ta 2022 a Katar ba, inda aka ga magoya bayan Japan riƙe da ledoji suna kwashe shara a filin wasa bayan an tashi. A 2018 magoya bayan Senegal ma sun yi irin haka. Ga Japanawa, wannan ɗabi'a daga makaranta take farawa.

A yawancin makarantun gwamnati akwai lokacin shara na kusan minti goma sha biyar zuwa ashirin a kowace rana. Ɗalibai ne ke share aji, su goge daɓe da tsumma, su gyara baranda, a wurare da yawa har da makewayi, malamai kuma na yi tare da su. Abincin rana ma haka ne. Tun dokar 1954 makarantun firamare ke ciyar da yara, kuma ɗaliban ne ke karɓa-karɓa wajen rabawa, sanye da farar riga da hula, sannan kowa ya ci a aji tare da malami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A unguwa kuwa, shara na da kalanda. Ma'aikatar magajin gari na raba wa kowane gida jadawali: ranar sharar da ake ƙonewa daban, ranar kwalabe da gwangwani daban, ranar takardu daban. Wanda ya cakuɗa, masu kwasa za su manna wa ledarsa takarda su bar masa ita a wurin, maƙwabta kuma duk su gani. Ƙaramin garin Kamikatsu da ke tsibirin Shikoku, wanda ya ɗauki alkawarin daina zubar da shara a 2003, ya kai ga rarraba ta gida 45.

Abin mamaki, kwandon shara ba shi da yawa a titi. An cire da dama daga tashoshi bayan harin iska mai guba da ƙungiyar Aum Shinrikyo ta kai a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo ranar 20 ga Maris 1995. Mutane sun saba su zuba shararsu a jaka su kai gida.

Ba tun fil'azal ƙasar take haka ba. A shekarun 1960, lokacin da masana'antu ke bunƙasa, kogunan Tokiyo sun yi wari, hayaƙi ya turnuƙe birane, gubar da wata masana'anta ta zuba a teku a Minamata kuma ta halaka mutane da dama ta nakasa dubbai. A 1971 gwamnan Tokiyo da kansa ya shelanta yaƙi da shara. Dokoki da kuɗin gwamnati da tarbiyyar makaranta ne suka haɗu, cikin shekaru masu yawa, suka kawo abin da ake gani yau.

Kiɗan ƙarfe biyar

Da yamma, galibi ƙarfe biyar, wani ɗan kiɗa mai taushi na tashi daga amsa-kuwwar da aka kafa a kan turaku a unguwanni da ƙauyuka. A wurare da yawa ana saka sautin wata tsohuwar waƙar yara mai suna Yuyake Koyake. Yara sun san ma'anarsa: wasa ya ƙare, a koma gida. Wasu garuruwan na matso da lokacin a hunturu saboda rana na saurin faɗuwa.

Amma ainihin aikin kiɗan gwaji ne. Waɗannan lasifiku na hukumomin gari ne, an kafa su domin gargaɗin girgizar ƙasa da ambaliyar teku da guguwa. Ana kunna su kullum ne domin in ɗaya ta lalace a gane tun kafin ranar da za a buƙace ta.

Japan na zaune a inda manyan faifan ƙasa huɗu suka haɗu, shi ya sa ƙasa ke yawan motsi. Girgizar ranar 1 ga Satumba 1923 ta kashe fiye da mutum 100,000 a Tokiyo da Yokohama, akasari ta hanyar gobara, kuma har yau ranar 1 ga Satumba ita ce ranar atisayen kare kai a faɗin ƙasar. Yara na koyon shiga ƙarƙashin tebur su kare kai, gidaje da yawa kuma na ajiye jakar gaggawa mai ruwa da tocila da busasshen abinci kusa da ƙofa. Tun 2007 hukumar hasashen yanayi ke aika gargaɗi ta talabijin da rediyo da salula. Na'urori na jin motsin farko mai rauni, wanda ke riga mai ƙarfin isowa, sai wayoyi su ɗauki wata ƙara mai firgitarwa a lokaci guda. Daƙiƙoƙi kaɗan ake samu, amma sun isa a kashe murhu ko a tsayar da jirgi.

Duk wannan shiri bai hana asara ba ranar 11 ga Maris 2011, lokacin da girgiza mai ƙarfin maki 9 da igiyar ruwan da ta biyo baya suka bar mutum fiye da 18,000 tsakanin matattu da waɗanda suka ɓata, suka kuma lalata tashar nukiliya ta Fukushima.

Kowane lokaci da muryarsa

Japanawa na bin sauyin yanayi da kunne kamar yadda suke bin sa da ido. A 1996 hukumar kula da muhalli ta ƙasar ta fitar da jerin sautuka 100 da ta ce sun cancanci a kiyaye su, daga ƙararrawar wuraren ibada zuwa kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa.

A ƙarshen Maris da farkon Afrilu itatuwan sakura ke fure, fari mai ratsin ja. Furen ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu, kuma masu hasashen yanayi na bin tafiyarsa daga kudu zuwa arewa a labaran talabijin. Iyalai da abokan aiki kan shimfiɗa leda a ƙarƙashin itatuwan su ci su sha. A watan Afrilun ne kuma shekarar karatu da ta kasafin kuɗi ke farawa.

Yuni da farkon Yuli damina ce mai yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Bayanta zafi mai gumi ke shigowa tare da kukan semi, wani ƙwaro da ke shafe shekaru a ƙarƙashin ƙasa kafin ya fito ya hau itace ya cika gari da ƙara, ya fi gyare nesa ba kusa ba. A lokacin ne ake rataye ƴar ƙararrawar gilashi ko ƙarfe a bakin taga, wadda iska ke kaɗawa, suna cewa sautinta na sa a ji sanyi a rai. A tsakiyar Agusta ake bikin Obon, birane su yi sauƙi, mutane su koma garuruwansu su share kaburburan iyaye da kakanni.

Da hunturu ana jin mai gasasshen dankali yana yawo a ƙaramar mota, lasifika na jan kiran "yaki-imo" kamar mai talla a lungun Zongo. A da, mai awara ma da ƙaho yake sanar da isowarsa, domin awarar waken suya da ake soyawa a Maraɗi ita ce Japanawa ke kira tofu, kuma kusan kullum tana cikin abincinsu. A ƙarshen shekara ƴan sa-kai na zagaya unguwa da dare suna buga katako biyu suna kiran a yi hattara da wuta, al'adar da ta samo asali tun zamanin da gobara ke cinye biranen da aka gina da katako. A daren 31 ga Disamba kuma wuraren ibadar addinin Buda na buga babbar ƙararrawa sau 108, adadin sha'awoyin da suka yi imani suna wahalar da ɗan Adam.

Cikin gida

A bakin ƙofar kowane gida akwai wani ɗan wuri da ya fi sauran daɓen ƙasa, ana kiransa genkan. Nan ake tuɓe takalmi a juya bakinsa waje, a sa silifas na cikin gida. Makewayi na da nasa silifas, kuma baƙon da ya manta ya fito da su falo ya zama abin dariya. Ɗakin da aka shimfiɗa wa tabarmar tatami kuwa ko silifas ba a shiga da shi. Tatami ce ma ma'aunin ɗaki, ana cewa ɗaki mai tabarma shida ko takwas.

Kafin cin abinci ana haɗa tafin hannu a ce "itadakimasu", godiya ga wanda ya noma da wanda ya dafa da abin da aka ci. Shinkafa ce tushen abinci, tare da miyar waken suya da kifi da ganye. Japan na shigo da kusan duk riɗin da take ci daga waje, wani kaso mai yawa daga Afirka, ciki har da Najeriya da Burkina Faso. Zuƙar taliya da ƙara ba laifi ba ne. Abin da ba a yi shi ne soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, ko miƙa loma daga tsinke zuwa tsinke, domin duka biyun na kama da abin da ake yi wajen jana'iza. Lamba 4 ma ana gudunta saboda lafazinta ɗaya da kalmar mutuwa, har wasu asibitoci ba su da ɗaki mai wannan lamba.

Wanka da dare ake yi. Mutum zai cuɗa jikinsa da sabulu ya ɗauraye tas a waje, sannan ya shiga kwarmin ruwan zafi ya jiƙa, kuma ruwa ɗaya iyali ke amfani da shi bi da bi. Gidajen wankan unguwa, sento, sun kai kusan 18,000 a 1968. Yanzu ba su kai 2,000 ba, tunda kusan kowane gida ya samu nasa.

Kyauta na da ƙa'ida. Wanda ya yi tafiya dole ya kawo tsaraba, omiyage, ga ƴan gida da abokan aiki. A wajen aure ana ba da sababbin takardun kuɗi a cikin ambulan mai ado, a wajen rasuwa kuma tsofaffi, don kada a ce an shirya wa mutuwar. Wanda aka ba yakan mayar da kyautar da ta kai kusan rabin darajar abin da ya karɓa. Matan da suka san lissafin biki da gudummawa a nan gida za su gane wannan nauyi. Sai dai a gidan abinci ko tasi ba a ba da na goro. Wanda ya bar canji a tebur, mai hidima na iya biyo shi da gudu ya mayar masa.

Tsintuwa

A kusan kowace unguwa akwai ɗan ƙaramin ofishin ƴan sanda mai suna koban, kusan 6,000 a faɗin ƙasar. Nan ake tambayar hanya, nan kuma ake kai tsintuwa. Iyaye kan raka yaro ya kai ko da ƙwandala ce, ɗan sanda ya cika takarda kamar yadda zai yi wa babba. A Tokiyo kaɗai ana kai wa ƴan sanda kaya kusan miliyan 4 a shekara, da tsabar kuɗi ta miliyoyin dubban yen, kuma mafi yawan kuɗin na komawa ga masu su. Yen ɗaya kusan sefa 4 ne, bai cika dala ba.

Doka na taimaka wa gaskiyar. Wanda ya tsinci abu yana da haƙƙin tukuici na kaso 5 zuwa 20 cikin 100 na darajarsa. In wata uku suka wuce mai shi bai zo ba, abin na iya zama na wanda ya tsinta. Riƙe tsintuwa kuwa laifi ne. Bayan bala'in 2011 an tattaro akwatunan ajiyar kuɗi fiye da 5,000 daga baraguzai, aka mayar wa masu su da kuɗin da ya haura yen miliyar 2.

Abin da tsarin ke ci

Kowane allazi da nasa amanu. Tsoron zama meiwaku da ke sa jirgi shiru, shi ne ke hana mutum faɗin damuwarsa ko neman taimako. Japanawa na da karin maganar da ke cewa ƙusar da ta fito ita ake bugawa. Ma'aikaci kan ji nauyin tashi kafin shugabansa, har harshensu ya samu kalmar karoshi, mutuwa saboda yawan aiki. Sai a 2019 dokar da ta ƙayyade ƙarin lokacin aiki, awa 45 a wata a bisa ƙa'ida, ta fara aiki a manyan kamfanoni. Cunkoson jirgi ma na da ɓarnarsa: saboda masu taɓa jikin mata ne aka ware taragon mata zalla a lokutan hada-hada.

Babbar matsalar ita ce tsufa. Yawan jama'a ya kai ƙololuwa a 2008 da kusan miliyan 128, tun daga nan yake raguwa. Kusan kaso 29 cikin 100 na mutanen ƙasar sun kai shekara 65, waɗanda suka haura shekara 100 kuma sun fi 90,000. A 2024 jariran da Japanawa suka haifa ba su kai 700,000 ba, karo na farko tun da aka fara ƙididdiga. Nijar, da ba ta kai kwatan Japan a yawan jama'a ba, ta fi ta haihuwa a shekara. Ana rufe ɗaruruwan makarantu kowace shekara saboda rashin yara, kuma binciken gwamnati na 2023 ya ƙirga gidaje miliyan 9 da ba kowa a ciki.

Kaɗaici ya zama batun gwamnati, har aka naɗa ministan da ke kula da shi a 2021. Ƴan sanda sun ce a 2024 mutum kusan 76,000 da ke zaune su kaɗai aka samu sun mutu a gida, yawancinsu tsofaffi, wasu sai bayan makonni aka gano. Shagunan konbini kusan 55,000 da ke buɗe dare da rana, da injinan sayar da abin sha da ke kowace kusurwa, na sauƙaƙa rayuwa, amma suna ba mutum damar ya wuni ya kwana bai yi magana da kowa ba.

Rashin ma'aikata ya sa ƙasar ta fara buɗe ƙofa. Baƙi mazauna Japan sun haura miliyan 3 da rabi, kuma a konbini na manyan birane sau da yawa ɗan Biyetnam ko Nefal ne ke karɓar kuɗi. Musulmi ƴan tsiraru ne, yawancinsu baƙi. Masallacin Kobe, mafi tsufa a ƙasar, an gina shi a 1935. Musulmin da ya je can zai yi taka-tsantsan da abinci, domin naman alade da giyar girki na shiga miya da kayan ƙwalama da yawa. Babbar damuwarsu maƙabarta ce: fiye da kaso 99 cikin 100 na mamatan Japan ƙona su ake yi, kuma wuraren da aka yarda Musulmi su binne nasu ba su da yawa.

Wani ɓangare na wannan tsari ya riga ya iso Nijar. A 2004 hukumar haɗin gwiwar Japan, JICA, ta fara shirin "Makaranta don kowa" a jihar Tawa, inda iyaye ke zaɓen ƴan kwamitin kula da makaranta, wato COGES, ta hanyar ƙuri'ar sirri, su tsara aiki su tara abin da za su iya. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa duk jihohin ƙasar, wasu ƙasashen Afirka kuma suka ɗauka. Abin da shirin ya dogara a kai shi ne wanda ke bayan dattijon da ke tsallakar da yara da tuta da ɗalibin da ke goge daɓen ajinsa, wato a ɗora wa kowa ɗan aikin da ya san nasa ne, a kuma riƙa yin sa kowace rana. Ga biranen da ledoji ke toshe magudanan ruwa duk damina, wannan ɓangaren ba ya buƙatar jirgin Shinkansen ko kuɗin Japan. Zumunci da gaisuwar maƙwabta da ke hana tsoho mutuwa shi kaɗai a ɗaki kuwa, Japan ce ke kashe kuɗi a yau tana neman yadda za ta dawo da su.